Kar-a-Motsa da Gadar Layinmu

Mijin Yayata mai hoto ne. Idan ka shigo layinmu ka neme shi da sunansa na gaskiya za ka sha yawo, amma ka ce Kar-a-motsa, duk wanda ka tara zai nuna maka shagon. Ni tela ne, shagona manne yake da nasa, bangon katako ne kawai a tsakaninmu. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa, ko dai idona ya gani, ko kuma ya shigo kunnena ta tsagar katako ba da son raina ba.

Shagon ɗan ƙaramin ɗaki ne, sai dai yana da labule, labulen kuwa shi ne arzikin wurin. An zana masa wani katafaren gidan bene, da ciyawa kore shar, da kifin dutse yana feso ruwa sama, da jar mota a gefe wadda tayarta ta gaba ta fi ta baya girma. A gaban labulen akwai kujera mai hannu da ɗan tebur, a kan teburin furen roba da wata tsohuwar tarho da ba a taɓa haɗa ta da komai ba. A jikin ƙusa an rataye baƙar kwat, kusa da ita mataji da gwangwanin hoda. Rabin mazan layinmu a cikin wannan kwat suka nemi aiki, dogo da gajere, kuma ni nake ɗinke hammatarta duk lokacin da ta yage.

Ƙa'idarsa guda ce tal: ba mai fita daga shagonsa da muni. Kafin ya danna kyamara sai ya ɗaga maka haɓa, ya karkata maka kafaɗa, ya ce ka haɗiye yawu ka tuna wani abin daɗi. Sannan ya ja da baya, ya ɗaga yatsa, ya ce, "Kar a motsa!" Bayan an wanke hoton kuma ya zauna da wani ɗan siririn burushi ya bi fuskarka yana share ƙuraje da tabo, ya cike maka giɓin haƙori in kana da shi. An sha dawo da hotunan fasfo daga ofisoshi ana cewa ba mai takardar ba ne. Shi kuwa ya ce ai laifin fuskar ne da ta kasa kamo hoton.

Ta haka ma ya auri Yaya. Hoton katin makaranta ta je ɗauka, ya ɓata rabin yini yana gyara mata zaman gyale, har mahaifinmu ya aiko a ga ko lafiya. Tun daga ranar Gimbiya yake ce mata. Hotunanta sun cika bangon falonsu, kuma a cikinsu kaf babu inda ta tsufa.

Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, kasuwarsa ta mutu murus. Kowa ya zama mai hoton kansa, a miƙa hannu a turo baki a danna. Sai ya koma zaman benci a ƙofar shago yana kallon masu wucewa, yana gyara su a zuci. Wani lokaci abin yakan fi ƙarfinsa, ka ji ya ce wa bawan Allahn da bai sani ba, "Malam, ɗan ɗaga kafaɗar hagu." Mutumin ya ɗaga kuwa, ya wuce yana waige.

To, ga inda maganar take. Layinmu ba ya ɓullewa, katangar wata masana'anta ce ta toshe ƙarshensa. Hanya ɗaya muke da ita zuwa babban titi, kuma tsakaninmu da titin akwai babban lambatu mai zurfi, wanda in ka faɗa sai dai a hango hularka. Gadar siminti ce a kansa tun muna yara. Wani ruwan sama da aka kwana ana yi ya karya ta gida biyu ya tafi da rabi. Mai faci, wanda shagonsa yake daf da bakin lambatun, ya ciro tsohon ƙyauren bayan gidansa aka shimfiɗa, aka ce a lallaɓa da shi zuwa jibi. Jibin nan har damina ta wuce wata ta kusa dawowa.

Mu masu ƙafa muna tsallakewa, kana tafe ƙyaure yana kuka. Yaya ce abin ya kashe wa gaba. Mace ce mai jiki, ga ciwon gwiwa, likita ya ce ta riƙa zuwa asibiti duk mako ana yi mata gashi. Da can ɗan tasi yakan zo har ƙofar gida ya ɗauke ta. Da gada ta karye ko keke ba ya shigowa, ita kuma ta dubi ƙyauren nan sau ɗaya ta juya gida. Ta daina zuwa asibiti, ta koma shafa man zafi tana ɗora ƙafar a kan kujerar tsuguno. Mun je ofishin kansila a ƙungiyance, muka sha zaman benci, aka ce mana ana kan dubawa. Muka koma, aka ce wanda yake dubawar ya yi tafiya.

Ana cikin haka babban ɗansu da ke aiki a wani gari ya aiko wa uban da sabuwar waya. Mai shayin layinmu ya nuna masa wani bidiyo: mutanen wata unguwa sun ɗauki hoton turken lantarkinsu da ya faɗi, sun sa a intanet, jama'a suka yi ca, kafin mako ya zagayo aka zo aka ta da shi. Mijin Yaya ya kalla, ya sake kalla. Sai ga shi a shagona idanunsa suna ƙyalli.

"Tela, ka san abin da ya faru a duniya ba mu da labari? Da can sai mai gidan rediyo ya ga dama zai ba ka baki. Yanzu gidan rediyon ga shi a aljihuna. Talaka zai yi magana, kansila ya ji, ya ba da amsa a gaban kowa. Gadar nan ta gama gyaruwa. Ɗinka mini falmaran irin ta 'yan jarida, mai aljihu da yawa."

Na ce, "Me za ka zuba a aljihunan?"

Ya ce, "Kai dai ɗinka."

Na ɗinka. Mataji ya shiga aljihu ɗaya, hoda ta shiga ɗaya, sauran ya cusa musu tsumma don su yi tudu. Ya buɗe shafi ya sa masa suna Muryar Layinmu. Wallahi a ranar na ji daɗi har raina, don na ga Yaya ta yi dariya da ya shiga gida da falmaran ɗin, rabona da jin dariyarta an kwana biyu.

Washegari da hantsi muka taru a bakin lambatu za a ɗauki rahoton farko. Na ce, "Mijin Yaya, ga lambatu, ga ƙyaure, ga mutane, ɗauka mana."

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. "Da wannan ranar? Ka taɓa ganin an ɗauki hoto rana tana dukan goshi? Sai la'asar, idan haske ya yi laushi."

Kafin la'asar ya ari tsintsiya ya share bakin lambatun tas. Ya samo doguwar gora ya tura ledoji da robobin da ke yawo a ruwan can ƙasa inda kyamara ba za ta gani ba. Ya goge ƙyauren da jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗauko furen roba ya dasa a kowane gefe. Sannan ya jera mu, dogaye a baya, gajeru a gaba, ya bi mu da mataji ɗaya bayan ɗaya.

"To, kowa ya tuna wani abin daɗi."

Mai shayi ya ce, "Haba Kar-a-motsa, ai fushi muka zo yi."

"Ku yi fushinku a zuci, ba wanda ya hana ku. Fuska kuwa tawa ce. Murmushi! Kar a motsa!"

Abin haushin shi ne mun yi murmushin. Mutumin da ya ɗauki hotonka tun kana ɗan makaranta, in ya ɗaga yatsa bakinka da kansa yake buɗewa. Da ya koma shago ya gano cewa wayar tana da wurin gyaran hoto wanda ya fi burushinsa sauri, sai ya mayar da baƙin ruwan lambatun shuɗi garau. Ya sa a shafi, ya rubuta a ƙasa: Halin da mutanen layinmu suke ciki.

Jama'a kuwa suka gani. Wani ya rubuta, "Kai, wannan wane wurin shaƙatawa ne?" Wata ta ce, "Ana shiga kyauta?" Ranar hutun ƙarshen mako sai ga wani mutum da matarsa da 'ya'yansu sun sauka daga tasi riƙe da tabarma da kular abinci, suna tambayar ina ƙoramar take. Iska ce ta ba su amsa kafin mu buɗe baki. Matar ta toshe hanci da gyale, suka tare tasin da ya kawo su tun bai gama juyawa ba.

Na ce masa, "Ka gani ko? Ka ɓata mana ƙazantarmu."

Ya ce hoto ba ya magana, shi ya sa ba a gane ba. Yanzu hira zai yi da mutane, kowa ya faɗi damuwarsa da bakinsa. Sai dai hayaniyar titi za ta ɓata murya, don haka a shago za a yi. Mai faci aka fara kira, domin shi ya fi kowa shan wuya, tun da babu tayar da take shigowa layin balle ta fashe. Ya zo da kayan aikinsa, baƙi ƙirin da man inji. Mijin Yaya ya ce ba da shi ba. Ya sa shi ya wanke fuska, ya zura masa kwat, ya shafa masa hoda, ya zaunar da shi a kujera mai hannu, ya ɗora masa hannu ɗaya a kan tarho.

Ina jin komai ta tsagar katako. Mai faci ya yi magana mai ratsa jiki. Ya ce, "Wallahi muna cikin wani hali. Ni dai sana'ata ta tsaya cak. Yarana sai su wuni ba a ɗora tukunya ba. Muna roƙon hukuma ta dube mu." Har muryarsa ta karye a ƙarshe. Duk wannan kuwa ga gidan bene a bayansa, ga kifi yana feso ruwa, ga jar mota ta leƙo ta saman kafaɗarsa.

Zagin da ya sha a shafin nan ba ya faɗuwa. "Ka sayar da motar mana." "Ji wuyansa, wai yunwa." "Irin ku ne kuke cinye ƙasar nan." Wannan duk mai sauƙi ne. Bidiyon ya kai ƙauyensu, sai ga kawunsa ya iso da ƙullin kaya da mutum uku a bayansa, sun zo su kwana biyu a benen. Da aka nuna musu ɗakin mai faci, kawun ya ce ai ya san za a yi haka, ɗan'uwa in ya samu ɓoyewa yake yi. Aka kai shi shagon hoto aka nuna masa labulen, ya shafa shi da hannu, ya leƙa bayansa, ya ce to ina aka kai motar.

Mai shayi ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya ɗauki hoton lambatun da tasa wayar, da ledojinsa da komai, har da takalmin wani da ya faɗa ciki. Ya tura a sa a shafi. Mijin Yaya ya ƙi. Ya ce hoton ya karkace, kuma babban yatsan mai shayi ya fito a gefe. Matan layi suka turo nasu, ya ce sun yi duhu. A nan ne raina ya ɓaci, na ajiye almakashi na zagaya shagonsa.

"Ba kai ka ce shafin na kowa ba ne? Ba kai ka ce talaka zai yi magana ba?"

"Na kowa ne mana. Amma kowa ya taje kansa tukuna."

"Mijin Yaya, gada muke nema, ba gasar kyau ba."

"Tela, kai za ka bari riga ta fita daga shagonka hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo?"

Gaskiyarsa ce, ba zan bari ba. Na fito ina huci, na koma na huce a kan keken ɗinki.

Amsar hukuma ta zo, amma ba irin wadda muke jira ba. Wata safiya muka tashi muka tarar an kafa dogayen ƙarafa biyu a bakin lambatu, an ɗaura ƙaton ƙyalle a sama. Hotonmu ne na farko, da furen roba da shuɗin ruwa da haƙoranmu a waje. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa al'ummar wannan layi suna godiya ga mai girma kansila. Simintin da aka kafa ƙarafan da shi ne kaɗai simintin hukuma da layinmu ya gani tun faɗuwar gada.

Mutane suka taru ana ta Allah wadai. Mijin Yaya ya daɗe a tsaye kansa a sama, na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce to yau dai ya gane. Sai ya juyo ya ce, "Tela, ban taɓa ganin aikina da girma haka ba." Can kuma ya ɓata rai, ya ce zai kai ƙara, sun yanke wa mai shayi kunne.

A gida kuwa gwiwar Yaya kullum ƙara kumbura take. Shi ba wai bai damu ba ne, kar in yi masa ƙarya. Shi yake dafa mata ruwan zafi, shi yake shafa mata magani, har shara ya karɓe. Amma duk safiya sai ya gyara mata gyale, ya rufe ƙafar da zane, ya ce ta tuna wani abin daɗi, ya ɗauka, ya bi fuskar ya goge, ya tura wa 'ya'yansu ya rubuta Gimbiya lafiya lau. Yaran su turo alamar zuciya. Ita kuma Yaya ba ta iya ƙorafi ba, sai dai in ta tashi yi ta yi mai gaba ɗaya.

Ranar da ta tashi, ina buɗe shago na hango ta tafe tana dogara sandar goge ɗaki. Gyalen a karkace, silifas ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Mijin ya tafi sayo mata man zafi a ƙarshen layi.

Ta ce, "Ƙanena, zo ka riƙe ni. Asibiti za ni. Ban runtsa ba."

Na ce, "Yaya, ƙyauren fa?"

"Na ce ka riƙe ni."

Ƙyauren mutum ɗaya yake ɗauka a faɗinsa, don haka na shiga gaba ina tafiya da baya, hannunta a nawa. Mun kai tsakiya gwiwar ta ƙi. Ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba, ta sulale ta zauna daɓas a kan katakon. Ƙyauren ya lotsa, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashinmu. Ta ce in sauka maza, ba zai ɗauke mu mu biyu ba. Na tsallaka ɓangaren titi. Ga Yaya a zaune a tsakiyar lambatu, ba gaba ba baya, baƙin ruwa yana wucewa a ƙarƙashinta, masu zuwa aiki sun yi cirko-cirko ta kowane gefe.

Sai ga shi a guje, falmaran tana tashi, mataji ya faɗi bai ko waiga ba.

"Gimbiya! Kar ki motsa! Don Allah kar ki motsa!"

Ta ce, "In motsa in je ina? Ciro wayarka."

"Wace waya kuma? Mai faci, kawo tsani! Ku kawo igiya!"

"Za su kawo. Kai ciro wayarka ka ɗauke ni."

Ya ciro. Ya ɗaga, ya sauke. "Gimbiya, gyalenki ya zame. Ga rana a bayanki, fuskar za ta yi duhu. Bari a fito da ke ki huta, da la'asar sai…"

"Malam." Haka take kiransa, amma ban taɓa jin ta faɗe shi da wannan muryar ba. "Hotunana sun cika bango, babu ɗaya da ƙafata take ciwo a cikinsa. Yau ka ɗauke ni yadda nake."

Ya danna. Ta dubi wayar, zufa tana bin fuskarta, ta ce, "Ni matar mai hoton nan ce. Asibiti za ni, ga inda na tsaya. Tun bara nake son in tsallaka." Ta ɗaga sandar goge ɗaki ta nuna ƙyallen da ke saman kanta, inda muke ta washe baki. "Wancan ya ce muna godiya. To, mai girma kansila, ga godiyar nan a zaune, ka zo ka karɓa."

Mai shayi ya fashe da dariya, ya tuna ba wurin dariya ba ne, ya mayar da ita tari.

An shimfiɗa tsani biyu a gefen ƙyauren, aka ɗaure da tsohuwar robar taya. Aka rasa abin da za a ɗauke ta a kai, sai mai faci ya ruga shagon hoto ya kinkimo kujera mai hannu. A kanta aka tsallakar da Yaya, maza huɗu suna nishi, ita tana ce musu su bi a hankali ba buhu suka ɗauko ba. Muka tari tasi.

A asibiti aka shiga da ita, mu biyu muka zauna a bencin baranda. Ya ciro wayar ya kunna bidiyon. Abin ba kyan gani. Hoton yana rawa, rabinsa sama ce, fuskar ta yi duhu kamar yadda ya faɗa, ana jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Na ga ya buɗe wurin gyara. Na ce a raina in ya taɓa, yau sai dai Yaya ta zaɓa tsakanin ƙane da miji. Ya tsayar da bidiyon a kan fuskarta, ya ja ta da yatsu biyu ta cika wayar. Yatsansa yana sama bai sauka ba.

"Tela, dubi nan. Wannan layin da ke tsakanin girarta. Da wannan na gefen baki. Yaushe suka fito?"

Ya ci gaba da kallon layukan. Da aka turo ta a keken marasa lafiya an naɗe gwiwar, ya durƙusa a gabanta ya nuna mata.

"Gimbiya, ashe haka fuskarki take idan kina jin ciwo?"

Ta ce, "Haka take tun bara, Malam. Kai ne kake gogewa duk safiya."

Ya daɗe a durƙushe. Ni na kawar da kai ina karanta wata takardar wanke hannu da ke jikin bango, don idona ya fara yi mini yaji. Da na juyo ya rufe wurin gyaran. Ya ce wannan ne hoto mafi muni da ya taɓa ɗauka tun da ya fara sana'a, sannan ya tura shi shafi yadda yake.

Kafin mu isa gida wayar ta ɗau zafi. 'Ya'yansu ne suka fara kira, babbar 'yarsu tana kuka tana faɗa, wai me ya sa aka ɓoye musu. Bayan su sai duniya. Mutanen da suka zagi mai faci suka dawo suna ba shi haƙuri, ban da wani da ya nace sai an gaya masa gaskiyar motar. Wasu layuka suka fara turo nasu: ga famfon da ya ƙafe, ga ajin da rufinsa ya yaye, ga juji a ƙofar asibitin unguwa. Hotuna karkatattu, masu duhu, masu yatsa a gefe. Mijin Yaya yana sa su ɗaya bayan ɗaya yana runtse ido, kamar mai shan magani mai ɗaci.

Da magana ta yi yawa, kansila da kansa ya shigo shafin ya rubuta cewa ana kan dubawa. Mai shayi ya amsa masa a gaban kowa, ya ce ranka ya daɗe mun riga mun duba maka, rami ne. Jama'a suka bi bayan mai shayi. Wata mata daga wata unguwa ta tambayi kansila wace rana, ya yi shiru, ta sake tambaya washegari, ta sake tambaya jibi, wasu suka kama mata, kullum da safe sai an gaishe shi da wace rana. Ƙarshe dai ya faɗi rana. Aka zo a sace aka kwance ƙyallen godiya, mai faci ya ritsa su ya roƙi a bar masa ya yi rumfa, yanzu haka muna can muna yi wa tayoyinsa murmushi.

An zuba gadar. Ba ta miƙe sosai ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, kuma na ga mijin Yaya yana kallonta yana karkata kai, amma ya haɗiye.

Ranar da siminti ya bushe, Yaya ta ce kar tasi ya shigo, a bakin titi zai jira ta, da ƙafarta za ta tsallaka. Layi ya fito kallo. Tana tafe a hankali, shi yana gefenta ya riƙe mata hannu da hannuwansa biyu, waya tana aljihun falmaran. Mai shayi ya ce, "Kar-a-motsa, yau ba hoto?"

Ya dubi hannuwansa, ya dubi Yaya. Ya ce, "Zo ka zaro a aljihu ka ɗauka. Ba zan sake ta ba."

Mai shayi ya zaro ya ɗauka suna cikin tafiya. Da suka kai bakin titi ya miƙo wayar yana sosa ƙeya, muka leƙa gaba ɗaya. Ya yanke musu kai su biyun, daga ƙirji zuwa ƙasa kawai ya kamo, ga babban yatsansa a gefe. Na ce a koma a sake, Yaya ma ta ce ba komai za ta iya komawa.

Mijin Yaya ya kalli hoton, ya matso da shi kusa da ido.

Ya ce, "A bar shi. Ƙafafun sun fito."